Sunana a Saman Guntun Kod

Zuwa ga Yaya, shugabar telolin zuri'armu,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa wadda da za a ɗora ta a sikeli, da sikelin ya nemi afuwa. Ina fatan ke da Maigida da yara kuna lafiya, kuma ciwon bayan Mama ya sassauta.

Kin tambayi abin da nake yi a kamfanin nan da har yau ba a tabbatar da ni a aiki ba. To, ki ba ni aron kunnuwanki. Mu masu rubuta manhaja muna da wani rumbu a intanet inda kowa ke ajiye guntayen kod, wato 'yan layukan umarni ga kwamfuta, domin abokin aiki ya ɗauka ya amfana. Kamar dai kwalin da kike yankawa ki adana don fitar da wuyan riga. Ni ma na ajiye nawa, mai tsara lambobin waya kafin a tura saƙo. A samansa na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, domin tarihi ya san wanda zai gode wa.

Da fari yana da 'yar tawaya: in ya tarar da fili a tsakiyar lamba, sai ya tsallake ta ya ɗauki ta gaba. Tuni na gyara shi a rumbun, na yi shela. Amma al'ummar ofishin nan sun ɗauki rumbu tamkar maƙabarta, kowa ya san hanya, ba mai son zuwa. Dogo, wanda teburinsa ke jikin nawa, yana kwafa daga saƙon da Mai Tabarau ya tura masa, shi kuwa Mai Tabarau daga wani tsohon aikin Dogo. Har na kama wani bawan Allah ya ɗauki hoton allon kwamfutar maƙwabcinsa da waya, yana sake bugawa da yatsa biyu. Da na yi musu wa'azi, Dogo ya kira ni Farfesa, ya ce in sha ruwa, abin da ke aiki ba a taɓa shi.

Ki sa ni a addu'a, domin ina zaune cikin jahiliyya.

Ƙaninki mai haƙuri,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa, a taƙaice, domin mai ciwon kai ba ya dogon jawabi. Ina fatan kuna lafiya.

Annobar da na yi hasashe ta sauka. Wata makaranta da muke yi wa aiki ta tura wa iyaye sakamakon jarrabawa ta manhajarmu, saƙonni suka ɓace hanya. Wani uba ya samu albishir cewa ɗansa ya zo na ɗaya, ya sayo masa keke, alhali yaron ne ke riƙe da wutsiyar aji. Mahaifiyar na ɗayan kuwa ta isa makaranta da kuka da takalmi a hannu.

Tsohon kwafin guntun nan nawa ne ya yi wannan aika-aika, babu tantama. Mai Kamfani ya kira taro gobe, ya ce za a buɗe aikin a gaban kowa, wanda aka ga sunansa a saman kod ɗin ya tattara komatsansa. Manajanmu ya maimaita mana wannan hukunci yana kallona kamar mahauci da rago. Rumbun yana da tarihin da zai nuna ranar da na yi gyara, amma Mai Kamfani ba ya karanta tarihi, suna kawai yake karantawa. Ni kuwa, kaicona, na rubuta nawa yadda makaho ma zai gani.

Kada Mama ta ji.

Naki cikin alhini,
Auta

Yayata abar alfahari,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki da iyalinki. Ina fatan keken ɗinkinki ya daina cin zare.

An yi taro. Aka haska aikin makarantar a babban allo, na sunkuyar da kai ina bankwana da kujerata a zuci. Can sai na ɗago. Kod ɗin nawa ne, layi bayan layi, kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro. Amma sunan da ke samansa na Manaja ne. Ashe tun da daɗewa ya kwafi tsohon, ya goge sunana ya dasa nasa, har ya karɓi yabo a kansa.

Hanya biyu ta rage masa: ya ce ya yi sata, ko ya ce ya yi kuskure. Ya gyara wuyan rigarsa ya sanar da mu cewa ɗan Adam ajizi ne, kuma zai magance matsalar kafin a tashi. Nan take dokar kora ta narke, domin ashe ba a saƙa ta daidai wuyan manya ba.

Bayan taro ya kira ni ofishinsa. Takardar tabbatar da ni tana gabansa, biro a buɗe, bai sa hannu ba. Ya yi mini nasiha mai ratsa jiki cewa suna biyu a kan abu ɗaya yana rikita kamfani. Na fahimci karatun. Na koma teburina, na buɗe rumbu, na goge sunana daga gyararren da hannuna. Kafin in ɗaga yatsa, Yaya, an kawo mini takardar da sa hannu.

Saboda haka ki sanar da dangi cewa Auta ya zama cikakken ma'aikaci. Manaja ya ɗauko gyararren daga rumbu ya dasa sunansa, Mai Kamfani ya jinjina masa bisa saurin gyara, ya umarci kowa ya riƙa ɗauka daga rumbu, kuma yanzu har Dogo yana zuwa.

Jiya Manaja ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, ya ce in zauna in yi nazarin kod ɗinsa, zan ƙaru. Na yi nazarin, Yaya. Lallai wanda ya rubuta shi gwani ne.

Ƙaninki,
Auta