Na Sayar da Buster a Banza

Talata, 20 ga Maris

Sun ɗauke ni! Jami'ar tsallaken iyakar jiharmu, mai sashen lafiyar shanun da nake mafarki tun ina aji tara. Na kurma ihu a garke har saniyarmu Pearl ta kifar da bokitin ruwanta.

Da na kai shafin kuɗi sai murna ta koma ciki. Wai tunda ni 'yar Nebraska ce, ba 'yar jiharsu ba, kuɗina ya kusa ninka na 'ya'yansu sau uku. Masarar nan ita ce masarar can, shanun ma iri ɗaya, amma ni baƙuwa ce. To, na ji.

Sun ba ni tallafin ƙwazo saboda sakamakon jarrabawata. Sun ƙara da na masu ƙaramin ƙarfi, bayan sun tona asirin aljihun Baba kaf. Bashin ɗalibai ma na ci iya abin da ake ba 'yan shekarar farko. Duk da haka saura dala dubu bakwai, kuma ba mu da su.

Lahadi, 29 ga Afrilu

Gwaggo Lorene, yayar Baba, ta biyo mu gida daga coci, ta zauna ta cinye mana rana. "Ke Darla, jami'ar jihar ubanki ƙaiƙayi take miki? Ɗiyar Merle Vondra ce za ta je ta biya kuɗin baƙi, sai ka ce ubanta rijiyar mai gare shi."

Baba bai ɗago daga farantinsa ba. Ya ce, "Buster zai biya."

Buster. Sa ne da nake turkawa, ɗan Pearl, wanda na raina tun yana tangaɗi a kan ƙafafunsa. Kowane yaro a gundumar nan ya san ƙarshen san da aka kai bikin nunin dabbobi gwanjo ne, daga gwanjo sai mahauta. Na sani. Amma jin abin a bakin Baba ya hana ni ƙarasa abincina.

Gobe zan amsa musu cewa ina zuwa. Gwaggo ta mutu da haushi.

Laraba, 13 ga Yuni

Wanka, taje gashi, koya wa Buster tsayuwa. Yau ɗan banzan ya taka mini ƙafa, sannan ya lashe mini kunne wai ban haƙuri.

Alhamis, 19 ga Yuli

Baba ya zo da sabon salo. Wai ya yi magana da kwamitin bikin nunin dabbobi, ba za a ba ni kuɗin gwanjon a hannu ba. Za su aika wa jami'a kai tsaye da sunan tallafin karatu, tallafin tunawa da Mama. Har ya sa an buga ƙaton cek na kwali, irin wanda ake riƙewa a ɗauki hoto.

Na ce, "Baba, don Allah ka rufa mini asiri. A ba mu kuɗinmu mu biya, shi ke nan."

Ya ce, "Sunan uwarki zai shiga jami'a kafin ke. Mene ne abin kunya a nan?"

Mama ta rasu ba ta taɓa taka harabar jami'a ba. Duk da haka abin bai kwanta mini ba. Mutumin da ko hoton aurensa sai da aka yi masa dole.

Asabar, 21 ga Yuli

An sayar da shi.

Garinmu ya yi abin da ya saba in yaro zai tafi karatu: mutane suka yi ta ɗaga hannu, kowa ya san farashin ya wuce na kasuwa nesa ba kusa ba. Mai gyaran tarakta, matar gidan abinci, har Gwaggo Lorene mai baki ta ɗaga sau ɗaya. A ƙarshe tsoho Hruska mai shagon abincin dabbobi ya kai shi dubu bakwai, ya waiwayo ya ce, "'Yar nan, ki dawo ki duba mini shanu kyauta, ba na son dogon zance."

Aka yi tafi. Aka jera mu: ni, Baba da hularsa ta zuwa coci, kwalin da sunan Mama, Buster a gefe yana ƙoƙarin cin kusurwar kwalin. Ni na ja shi har bakin motar mahauta. Ya hau ba gardama, don ni ce na ja shi. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ban yi kuka a gabansu ba.

Alhamis, 26 ga Yuli

Hoton ya fito a jaridar gunduma. Idona a kumbure, hancina ja wur. Baba ya sayi kwafi biyar.

Litinin, 6 ga Agusta

Kan uba!

Kuɗin Buster sun isa jami'a. Sun karɓa, har da godiya. Sannan suka zaftare dubu bakwai cif daga tallafin masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ake bina jiya shi ake bina yau, ko sisi bai ragu ba.

Talata, 7 ga Agusta

Na kira ofishin tallafi. Wata mata mai murya kamar ta sha zuma.

"Tunda kin samu tallafi daga waje, buƙatarki ta ragu, ƙanwata."

Na ce wane waje? Kuɗin sana ne! Ni na ciyar da shi, ni na kwashe kashinsa cikin ƙanƙara. Ta ce a wajensu duk kuɗin da ya zo da sunan tallafi, tallafi ne. Na ce to ku rage mini bashin mana, me ya sa sai kyautar? Ta ce ƙa'ida ce. Na tambaye ta, da kuɗin a hannu aka ba mu muka biya fa? Ta ce, "Da babu abin da za a taɓa."

Da babu abin da za a taɓa!

Wato talakawan garinmu sun tatsi kansu, Buster ya tafi mahauta, don jami'a mai filin ƙwallo da ya fi garinmu girma ta yi tsimin kuɗinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma in ban cika ba kafin ranar sha bakwai, za su soke rajistata, tallafin ƙwazon ma ya bi ruwa, don ba a ɗaga shi zuwa baɗi.

Laraba, 8 ga Agusta

Na faɗa wa Baba maganar da ban taɓa faɗa masa irinta ba. Na ce kwalinsa da hotonsa sun cinye mini karatu. Na ce Mama ba ta roƙe shi suna a jarida ba.

Ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni dai gaskiya na faɗa. Ba zan janye ba.

Juma'a, 10 ga Agusta

Na roƙi su mayar wa kwamiti da kuɗin a ba mu a hannu. Wai an riga an shigar, bakin alƙalami ya bushe. Na nemi a sake duba maganata, wai masu dubawa ba za su zauna ba sai an koma karatu. Banki kuma ya ce bashin da ke kan gonar ya isa, ba za su ƙara wa Baba ko ƙwandala ba.

Gwaggo ta bugo waya: "Ai na faɗa." Na kashe.

Lahadi, 12 ga Agusta

Tsoho Hruska ya aiko da kwalin nama, wai rabonmu, kamar yadda masu saye suke yi. Na tura shi can ƙasan firiza. Wanda ya dafa shi a gidan nan ni da shi ne.

Ni da Baba, "miƙo gishiri" kawai.

Laraba, 15 ga Agusta

Na fita da safe ba Pearl a garke. Ba ita, ba karsana biyun da ta haifa kafin Buster. Sai igiya a rataye.

Pearl fa saniyar Mama ce. Ita ta zaɓo ta tana 'yar maraƙa. Shekarar da aka yi fari Baba ya sayar da rabin garken, amma ya ce ko gidan za a ɗaga ba za a taɓa Pearl ba.

Na same shi yana gyaran shinge. Na ce, "Wa ya ce ka sayar? Wa ka tambaya?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Na riga na biya jami'ar. Daga asusuna, kamar kowane uba." Ya buga ƙusa, ya ƙara da cewa, "Wannan karon ba hoto."

Ina so in yi masifa, na rasa da wa zan yi. Ya ce in riƙe masa wayar shingen, na riƙe.

Lahadi, 26 ga Agusta

Mako guda a nan. Abincinsu ba gishiri, kuma har yanzu in na wuce ofishin tallafi sai na harari ƙofar. Na shigar da ƙorafi a rubuce, ba zan bar su su huta ba.

Abokiyar ɗakina 'yar jihar ce, tana biyan abin da bai kai kuɗin abincin Buster ba, in ji zuciyata. Yau ta nuna bango ta ce, "Wane ne wannan tsohon mai riƙe da kwali kamar ya ci gasa?"

Na ce babana ne. Na ce sunan da ke jikin kwalin na mamata ne, wancan mai cin kusurwar kuma Buster.

Akwai ramin ƙusa a bangon, shi ya sa na liƙa hoton a wurin, ba wani abu ba. A cikin akwatina na tsinci jaridar, ƙarƙashin rigunan sanyi. Ban san lokacin da Baba ya saka ba.

Yanzu ya dawo daga coci. Bari in kira in ji ko ya ci abinci.