Yasar Rijiyar Garka

Daga ƙanenka Hamidu a Karofane, zuwa ga Yaya Illa a Kumasi. Gaisuwa mai yawa da bege. Ina lahiyarka, ina gajiyar baƙunci? Yaya jikinka da ruwan Kurmi? Mu nan lahiya lau, Inna da Baba da yara.

Bana ruwa ya ruɗe mu. Ya sauka da wuri, munka shuka, ya ɗauke, sai da munka sake shuka. Ƙarshen damina kuma, muna shirin zuba irin albasa, ƙorama ta kawo ta cike rijiyar garka da rairayi, wadda kai da Baba kunka gina. Bayan girbi munka yashe ta, ni a ciki, Baba na jan guga. Sai na ji ya ce, "Illa, cika shi da kyau." Ban gyara mishi ba. Da na hito, na iske shi zaune bakin rijiya.

Da sanyi ya shigo munka dasa, albasa ta kama. Ban-ruwa safe da marece ni kaɗai nake yi, don gadon bayan Baba ya gaji. Da bazara za mu cire kafin ruwan farko ya ruɓar da ita.

Inna na gaishe ka. Ka gaida mutanen Adar na zango, ka sa mu cikin addu'a. Baba bai ce ka dawo ba, amma duk ranar da ayari ya sauka kasuwa, da kanshi yake tahiya dubawa.

Wassalam.