Hular Mista Puckett

Kakana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafarka, yaya Kaka Loretta? Ni lafiya lau nake a Alaska, karatu na tafiya. Sanyi ne kawai, sai kuma Mista Puckett da Goggo Darlene za ta aura.

Kullum muna cin abinci sai ya ce shi tsohon sojan kundumbala ne. Na tambayi rundunarsa cikin ladabi, ya ce, "Ke 'yar nan, sirrin gwamnati ne, ci abincinki."

Amma na ga koriyar hularsa ta soja, gashinta buzu-buzu. Ka tuna yadda marigayi Baba yake aske tasa da reza, ya jiƙa ta, ta bushe a kansa, kamar yadda duk sojojin kundumbala suke yi? Da na faɗa, dariya mutumin ya yi, wai, "Wa yake aske hula?"

Yanzu lambobin yabon Baba yake so ya maƙala ranar aure, Goggo kuma ta yarda. Don Allah ka tambayi abokan aikin Baba ko akwai wanda ya san shi.

Kada ka damu, kukan rashin Baba ya ragu. Lambobin na ɓoye su a ɗakin karen Goggo. Jarumin namu ko kusa da wurin ba ya iya zuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Jikarka,
Corinne