Oza Ashirin da Shida

Asabar, 6 ga Afrilu

Duane ya kira. Tun rasuwar mijina Merle, shi ƙanin nasa ke riƙe da ƙungiyarmu ta sofbol, wasan nan da ake buga ƙwallo da sanda. Wai ranar ashirin ga wata za a rufe rajista, kuma in babu mata biyar a cikin 'yan wasa ba za mu shiga gasar bana ba. Huɗu gare shi. Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Matar Yaya, yaushe kika fara tunani kafin ki kai duka?" Na ajiye wayar ina dariya, sai kuka ya biyo baya.

Talata, 9 ga Afrilu

Na buɗe bayan motar Merle, karon farko tun Oktoba. Jakar tana nan yadda ya wurga ta. Safar hannunsa ta cafe ƙwallo, gyaɗar da bai ƙarasa ci ba, da sandar bugunmu.

Shekara goma sha ɗaya da sanda ɗaya muke bugu. Dokar gasar namiji ya buga, mace ta biyo, to ni ce bayansa. Ya buga, ya yar, ya ruga, ni kuma in ɗauka da ɗumin hannunsa a jiki. In zan yi wasa, da ita zan yi. In ba ita ba, a kai kasuwa.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na kashe ta. Ni da hannuna.

Atisayen safe, ciyawa duk ta yi fari don sanyi. A ƙwallo ta uku na ji ƙwas, kamar an taka tsohuwar ƙwarya. Duane ya karɓi sandar ya girgiza ta kusa da kunnensa, wani abu yana kacau-kacau a ciki. Tsaga ce doguwa, tun daga kai.

Ko ɗan jiya a wasan nan ya san irin waɗannan sanduna ba sa shiri da sanyi. Merle kan shigo da ita ɗaki da zarar ganye ya fara zuba, ya jingine bayan ƙofa, ba ta fita sai Mayu. Har tsiya nake masa, in ce ko in saƙa mata rigar sanyi. Ni kuwa na bar ta wata shida a mota cikin ƙanƙara, sannan na je na maka ta da ƙwallo mai tauri kamar dutse. Wai ni me ya shiga kaina?

Duane bai zolaye ni ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Ban je coci ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na je shagon kayan wasa. Mai shagon wata dattijuwa ce, Marlys, wai ta yi shekara talatin tana bugu. Na ce ta ba ni irin tamu sak: mai nauyin oza ashirin da takwas, nauyin ya fi yawa a kai. Ta dubi wuyan hannuna, ta miƙo mini ɗaya, ta ce in riƙe da hannu ɗaya a miƙe in ƙirga ashirin. A tara hannun ya fara rawa.

"Wannan ta ƙato ce, 'yar'uwa. Wa ya zaɓa miki?"

Na ce ba wanda ya zaɓa, ita muke da ita.

Ta ɗauko mai oza ashirin da shida, wadda nauyinta yake daidai ko'ina. Sakayau, kamar muciya. Raina ya ɓaci. Na ce ba abin wasan yara na zo saya ba, na fice. A mota na zage ta tas. Baiwar Allah, ba ta yi mini komai ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na koma na sayi mara nauyin. Launinta ruwan lemo, muni kamar me. Marlys ta miƙo mini ita. Ta dai ja kunnena: kada in buga da ita sai rana ta yi ɗumi, kuma bugu ɗari biyu a hankali, ana jujjuya ta, kafin ta saki jiki.

Na sa hannu a takardar Duane a wurin cin soyayyen kifi. Don su na yi, kada ƙungiya ta watse a kaina.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ƙawata Roz tana jefowa, ina bugawa. Tamanin yau. Ƙararta daban ce, ba na sonta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wasan farko. Mun sha kashi, sha huɗu da shida.

A buguna na biyu ƙwallon ta tashi sama, ta wuce kan masu tsaron ciki, ta faɗi can kusa da shinge. Tsayawa na yi ina kallo kamar sakara, sai da Duane ya daka mini tsawa in gudu. Na kai zango na biyu cikin huɗun da ake zagayawa, ina haki. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa fitar da ƙwallo daga tsakiyar fili ba. Na ɗauka iyakar ƙarfina ke nan.

Merle, ka san sandarka ta yi mini nauyi, ko? Ba yadda za a yi ka kasa sani. Ka yi shiru don ka ga ina son ɗaukar taka. Ni ma wataƙila na sani.

A can tsaye a kan zango na ji daɗi, daɗi sosai, kuma ba ka nan. Ka yafe mini.

Alhamis mai zuwa ƙarfe shida ne. Na ce wa Roz ta biyo mini da wuri, ina so in ɗan buga kafin a fara.