Zaɓin Baba Alhaji

Ƙofar Durbi, Katsina
Maris, 2011

Zuwa ga Maman Rashida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatun jinya yana tafiya daidai, zafin Sakkwato kuma da sauƙi. Rashida lafiya lau, kullum sai ta tambaye ki. Gari ya cika da hayaniyar zaɓe, mu dai muna shago.

Na rubuto ne don a waya zan yi ta ba ki dariya in kauce wa maganar. Kin san tun da ƙaninki Zubair ya karye a babur yake kwance. Mahaifinki, Baba Alhaji, ya zo shagona da kansa, ya ce in haɗa wa yaron kwamfutar wasa. Na fito da kaya na durƙusa gefe. Sai ya shiga zaɓe kamar yana kasuwar raguna. Ya ɗaga katin hoto mafi girma, mai manyan fankoki, ya jinjina nauyinsa, ya ce wannan. Da aka zo kan furosesa, ya ga duk ƙanana ne kamar akwatin ashana, ya ce ai duk ɗaya ne, ya nuna mafi rauni.

Furosesa ita ce ke tunani, katin shi ke zana hoton. Haɗin da ya yi, ingarman doki ne aka ɗaure shi a bayan jaki. Na san haka sarai. Ni da nake sa ɗan jami'a ya sayi abin da bai zo nema ba, a gaban surukina bakina ya mutu. Kai a ƙasa na ce Allah ya sa albarka. Kuma kada in ɓoye miki, na ji daɗin yadda ya yaba shagon a gaban maƙwabta.

Yanzu wasan ƙwallon sai ya riƙa tsinkewa, ɗan wasa ya daskare da ƙafa a sama. Zubair ya faɗa, Baba ya ce butulci ne, an saya masa mafi girma yana rainawa. Ya daina shiga ɗakinsa duba ƙafar. Yaron yana kwance yana jiran in buɗe baki.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Gwadabe

Ƙofar Durbi, Katsina
Afirilu, 2011

Zuwa ga Maman Rashida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jarrabawa, yaya ƙawayen ɗaki? Saƙonki ya iso, inda kika ce in je in gaya wa Baba gaskiya, ba zai cinye ni ba.

Na je. Na cire takalmi tun daga zaure, na gaishe shi, ya tambayi kasuwa, na tambayi jiki, muka sake gaisawa. Da na ɗago ido na ga hularsa, sai na ji bakina yana cewa na zo share wa kwamfutar ƙura ne.

A ɗakin Zubair na yi dabarata ta 'yan kasuwa. Na fito da furosesar da na zaro daga kwamfutar shagona, mai ƙarfi, gurbinsu ɗaya da tasa, na sa masa. Yana kallona. Wasa ya tashi sumul. Na fito ina ganin na kashe wutar ba wanda ya ƙone.

Ashe ƙara mata itace na yi. Baba ya leƙo ya ga komai na gudu, ya tara mutanen gida ya ce ga shi nan, ƙura ce kawai, zaɓinsa ba shi da aibu, yaron ne ya so ya kunyata shi. Ya sa Zubair ya ba shi haƙuri a gabana. Yaron ya dube ni, na dubi tabarma. Ya ba da haƙurin.

Jiya na kai wa Zubair sabon faifan wasan tseren mota. Kwamfutar na rufe da zane, ko kunna ta ba ya yi. Ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Tun yana ƙarami Yaya yake ce mini. Jiya Malam Gwadabe ya ce.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Gwadabe