Katin Sauti da Ɓangaren Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Katin sautin ya iso. Na buɗe cikin kwamfutar na soka shi a gurbinsa, na mayar da murfi, na kunna. Tsit. Ko tari lasifika ba ta yi ba. Ga Darakta yana jiran in haɗa masa sautin wasan kwaikwayonsa na rediyo kafin ƙarshen mako. Ni na ce masa sabon kati zai kashe huuu ɗin da ke bin muryoyi. Bakina ya ja min.

Laraba, 5 ga Maris

Na kira Dogo, abokina mai gyaran kwamfuta. Ya yi min dariya son ransa. Wai kati daban, direba daban: manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin ke nan. Wadda kwamfuta ta ɗauko da kanta ta gama-gari ce, ba za ta ja shi ba. In je shafin kamfanin in sauke tasu, wadda ta dace da tsarin kwamfutata, in kuma kashe sautin da ya zo da ita tun asali, don kada su riƙa rigima a kan lasifika ɗaya.

Maman yara ta ji ina ta direba, direba. Ta leƙo ta ce wace motar muka saya ba ta sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Sauti ya fito. Huuu ɗin ya tafi. Amma ɓangaren hagu a dushe yake, kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Na cire direban, na sake sawa. Haka. Na sauko da tsohuwar sigarsa. Haka.

Na ƙara wa hagu ƙarfi har ya daidaita, na tura wa Darakta aikinsa.

Asabar, 8 ga Maris

An dawo min da aiki. Tun da na fara sana'ar nan ba a taɓa ba.

Darakta bai yi faɗa ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce hagu yana tsaga kunne, ƙarar ƙofa a fitowa ta biyu har ta firgita mai gabatarwa. Ya tambaya ko lafiya nake. Na ce laifin direba ne, na yi masa dogon bayani a kan katin. Ya saurara, ya ce to, yana da wani da zai iya karɓa idan abin ya yi min yawa.

Abinci bai shiga ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Wunin yau a direba ya ƙare. Sa, cire, sa. Na canja waya. Na canja gurbin katin. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa mai zafi, ban tura ba.

Talata, 11 ga Maris

Dogo ya zo da kansa. Ya duba komai: direban daidai, tsohon sautin a kashe, alluran da ke nuna ƙarfin sauti a allo suna tashi kai ɗaya hagu da dama. Ya sa abin ji, lasifikar nan ta kunne, a kunnensa ya daɗe. Ya cire. Ya ƙi kallona, yana ta wasa da wayar.

Can ya miƙo min, na sa, ya ce, "Juya shi. Na dama ya koma kunnen hagu."

Na juya. Dushewar ba ta bi abin jin ba. Tana nan a hagu, inda take.

Na ce masa abin jin ne ya tsufa. Ya ce ƙila. Na ce ya san shekaruna nawa ina cin abinci da kunnen nan? Ya ce ya sani, shi ya sa. Na faɗa masa maganar da ba za ta rubutu a nan ba. Ya tattara sukurdirebobinsa, ya yi wa Maman yara sallama, ya fita.

Laraba, 12 ga Maris

Ban shiga ɗakin aiki ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na tambayi Maman yara. Tana ninke kayan yara a bakin gado, na ce ko ta lura da wani abu game da jina. Ba ta tsaya da ninkin ba. Ta ce tun bara take zagayowa damana idan za ta yi min magana. Yara ma sun sani, ita ta hana su faɗa. Talabijin ɗin da nake cewa ta lalace, lafiyarta ƙalau.

Na ce me ya hana ta gaya min.

"Kunnen nan shi ke ciyar da mu, Baban yara. Ta ina zan fara?"

Sai ga hawaye, nata. Ni na zauna ina kallon safar ƙaraminmu a hannunta. Wai ni ne mai jin numfashin ɗan wasa tsakanin kalma da kalma. A gidana an yi shekara ana zagaya ni.

Idan kunnen dama ya bi sahu fa? Wace sana'ar na iya?

Litinin, 17 ga Maris

Na je asibiti, don ta bar ni in huta kawai. An ba ni ranar gwaji. Ba wai na yarda da wani abu ba ne.

Na aika wa Dogo saƙo cewa direban yana aiki. Ya amsa da "madalla" kawai, can kuma ya ƙara cewa zai biyo da yamma.

Na sake haɗa aikin Darakta. Wannan karon ban taɓa hagu ba, na bi alluran allo, na kira Maman yara ta saurari fitowa ta biyu. Ta ce ƙofar ta rufu kamar ƙofa.

A kunnena har yanzu a karkace yake. Na tura shi haka.