Na Kushe Labari a Gaban Mai Shi Ban Sani Ba

Gwaggo Nuriyya, don Allah ki taimake ni da shawara. Bakina ya jawo mani abin da ya hana ni sukuni, kuma ba ni da wadda za ni gaya wa a garinmu ba tare da zancen ya zagaya ba.

Ni malamar makaranta ce a Isa, Hausa nake koyarwa, bana shekara goma sha ɗaya. Shekara biyu da suka wuce muka haɗa wani ɗan zama, mu mata tara, kowace Asabar bayan la'asar a tsakar gidan ɗayarmu. Ba mu da wani tsari mai yawa. Kowa ta zo da littafin da take karantawa, na takarda ko na waya, ta faɗi inda ta kai da yadda ta gan shi. Akwai tela a cikinmu, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai wadda tun daga Sabon Birni take hawo mashin don wanga zama kawai. A ci dafaffiyar gyaɗa, a yi gardama, kafin magariba a watse.

Ba yabon kai ba, Gwaggo, ni ake jira in yi magana. In na ce littafi ya yi, mako mai zuwa kowa na riƙe da shi. In na ce bai yi ba, sai dai a ajiye. Kuma ba na kwana-kwana, abin da na gani shi nake faɗi. Har gobe ban ɗauki wannan aibi ba.

To, farkon damina wani labari ya fara yawo a waya, shafi-shafi, marubuciyar ta ɓoye sunanta ta sa na aro. Labarin wata mata ce a ƙauye, mijinta ɗan kasuwa ne mai ɗaukar kaya a mashin tsakanin Burkusuma da kasuwannin Nijar. Duk muka kama shi. Farkonsa ya yi daɗi ƙwarai. Yadda ta siffanta ɗaurin buhu biyu da jarkoki a bayan mashin, da yadda matar ke tsayawa bakin zaure sai ƙarar injin ta ɓace, kai ka ce a gabanka ake yi. Da aka kai tsakiya sai ya fara jan ƙafa, shafi huɗu cur ana shukar gero. Daga nan mijin ya yi haɗari a hanya ya rasu.

Sai shafi na talatin da ɗaya ya fito. Kwana huɗu da rasuwa, gida cike da masu gaisuwa, aka kawo wa matar jakar da mamacin ke ratayawa. Shi kuwa mutum ne mai hana ɗiyansa shan alewa, kullum faɗansa tana ɓata haƙora. Ta buɗe jaka ta tarar da alewar madara ƙulli-ƙulli, ga ledojin wadda ya shanye ya dunƙule a ƙasan jakar. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi, har mata suka riƙe ta suna tofa mata addu'a.

Ranar Asabar na buɗe baki. Na ce wanga shafi ƙarya ne. Na ce wadda ta rubuta shi ba ta taɓa yin rashi ba, labarin mutuwa kawai take ji. Ban tsaya nan ba, na ce macen da za ta yi dariya kwana huɗu da binne mijinta, dama can ba ta son sa. Wasu suka yi dariya, wasu suka goya mani baya. Saude na zaune gefena tana ɓarar gyaɗa. Da aka tambaye ta ra'ayinta, ta ce ita ba ta kai shafin ba tukuna.

Bari in gaya miki wace ce Saude. 'Yar Kamarawa ce, ta dawo Isa gidan yayanta bayan mijinta ya rasu, ɗinkin hula take yi. Ba ta da yawan magana. Lokacin da aka yi mani aiki bara, ita ta zauna da ni asibiti kwana shida, ita ke juya ni, ita ke ba ni ruwa da cokali. Na san ta yi takaba, amma ba ta zancen, ni ma ban taɓa tambayar yadda mijin ya rasu ba.

Asabar ukku a jere ba ta zo ba. Na kira ta, ta ce ciwon kai ne. Labarin ma ya tsaya cik, masu bi suna ta cigiya. Ban haɗa biyun ba wallahi, sai da Jamilatu, wadda ita ma a zamanmu take kuma tana aiki a shagon buga takardu, ta same ni makaranta lokacin hutun tara. Ta sa na yi mata alƙawarin ba za ni faɗa wa kowa ba, sannan ta gaya mani Saude ce marubuciyar. Da biro take rubutawa a littafin makaranta, Jamilatu ke buga mata a waya. Jakar nan da alewar nan duk sun faru, kuma har yau dangin mijin ba su daina goranta mata dariyar ba. Ta ce washegarin ranar da na yi magana Saude ta zo ta karɓe littattafanta duka, har da shafi bakwai da ba a buga ba.

Gwaggo, kwana biyu abinci bai yi mani daɗi ba. Amma za ni gaya miki gaskiya, na sake karanta shafin har sau biyu kuma ina nan kan bakana cewa bai rubutu da kyau ba. Tun farkon labarin ba ta taɓa nuna mana wasa tsakanin matar da mijin ba, sai girmamawa da kawo ruwa. Dariyar ta faɗo ne ba sallama, mai karatu kuwa ba shi da laifi in bai yarda ba. Kuma ba ni na ce ta ɓoye suna ta zauna cikinmu tana saurare ba. Da na sani, ai da na tauna kafin in furta.

Maigidana ya ce in share, lokaci zai gyara. Ni ban yarda ba, don na san Saude, ba za ta taɓa tanka mani ba, za ta dai janye ne har abada. In na je na ba ta haƙuri, na tona Jamilatu, na raba su. In na yi shiru, na rasa aminiya, kuma na kashe labarin da ya fi rabin abin da muke karantawa kyau. In kuma na je na ce shafin ya yi kyau, na yi ƙarya, ita ma za ta gane. Mi ya kamata in yi?

Taki,
Malama mai kaifin baki, Isa

Malama, na gode da wasiƙarki. Na sauya sunaye da wasu alamomi a cikinta don kada mu tona a nan abin da kike ƙoƙarin rufewa.

Magana biyu kika yi ranar nan, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Cewa shafin bai gamsar da ke ba haƙƙinki ne na mai karatu. Hujjar da kika kawo mani ma mai ƙarfi ce: abu ya faru da gaske bai isa ba, sai marubuci ya share masa hanya kafin a yarda da shi. Duk wadda ta saki rubutunta ga jama'a ta yarda a auna shi, kuma Saude da ta zaɓi ta zauna cikinku ba a san ta ba, ta san wata rana za ta ji marar daɗi. A nan ba ki da abin janyewa.

Magana ta biyu ita ce ɓarnar. Kin bar littafi kin koma kan mutum. Kin yanke hukunci a kan yadda mace za ta yi baƙin ciki, kin ce mai dariya ba ta son mijinta, alhali ga wadda ta yi takaba a gefenki. Ko da ba ita ta rubuta ba, wannan bai dace ba. Ni na ga wadda ta kasa kuka sai bayan arba'in, na ga wadda ta tashi ta hau shara ana tsakiyar gaisuwa. Rashi ba ya zuwa wa mutum biyu iri ɗaya. Ki kuma lura, kalmar da dangin miji suka daɗe suna jifanta da ita, ita ta ji daga bakinki, ke da ta yi jinya. Shi ya sa ta kwashe littattafanta.

Shawarar maigidanki ta zaman lafiya ce, amma ke kika fi shi sanin ƙawarki, kuma ina bayanki. Ki fara da Jamilatu. Ki gaya mata ba za ki iya ci gaba da nuna ba ki sani ba, ki roƙe ta ta je da kanta ta faɗa wa Saude cewa ta gaya miki, da dalilin da ya sa. Amanar tata ce, ita ya kamata ta sauke. Wadda ta taso daga wurin aikinta ta zo har makaranta neman gyara take yi, ina kyautata zaton za ta yarda. In ta ƙi, ki riƙe alƙawarinki, ki je ki ba Saude haƙuri a kan abin da kika faɗa game da masu takaba, domin wannan kaɗai ya isa dalili.

Ki je da ƙafarki, ke kaɗai, ba ta waya ba. Ki ambaci kalmar da kika faɗa, ki ce kin yi kuskure, ki yi shiru. Kada ki haɗa da “amma”. Kada ki ce shafin ya yi kyau, kada kuma ki kawo gyaransa ranar. In ta so ta ba ki labarin mijinta, ki saurara har ƙarshe. Zancen ci gaba da rubutu ki bar mata. Idan wata rana ta tambaye ki ra'ayinki, to ki faɗa mata duka, da abin da ya burge ki a farkon labarin, da abin da kika ga ya rage. Marubuciya ba ta da kadarar da ta fi mai karatu irinki, in ta tabbata ba da wuƙa kika zo ba.

A zamanku kuma, ba tare da kin ambaci kowa ba, ki gyara maganarki a inda kika yi ta, tunda a gaban mutane kika faɗa. Ki kawo shawarar a riƙa tsayawa kan abin da ke rubuce, a bar rayuwar wanda ya rubuta. Tunda ke ake saurare, in kin fara za a bi.

Kada wannan ya sa ki koma mai cewa komai ya yi. Ki ci gaba da faɗin gaskiya, ki dai riƙa duba fuskokin da ke zaune kafin ki sake ta. Allah ya daidaita tsakaninku, ya jiƙan mijinta, ya sa ta sake ɗaukar biro da zuciya sake.

Gwaggo Nuriyya